Masu Shuɗin Jini a Ɗakin Baya

Ki yi haƙuri, 'yata, da na ɗora miki karatu alhali likita ya ce ki huta. Ba don ki gani na rubuta waɗannan shafuka ba. Littafin addu'o'ina ne na juya bayansa, ina zuba abin da bakina ya kasa faɗa. Inda kika ga na ce "yarinyar", ke ce. Ban goge komai ba. Ki daure ki kai ƙarshe, akwai abin da nake nema a wurinki.

Asabar, bayan azahar

Gidan ya yi tsit. Tun da motar asibiti ta tafi da yarinyar, ba abin da ke motsi sai injin tace ruwa na ɗakin baya.

Na so in bi su, har na yafa mayafi. Sai ta riƙe min hannu daga kan gadon da ake turawa, leɓenta fari fat, ta ce, "Umma, ke ki zauna da mutanena, Gwaggo ta bi ni. Latas da safe. Ranar Juma'a ki rage ruwan, ki cika da wanda ya kwana a bokiti. Kada ki sa musu komai. Komai, Umma."

Mutanenta su ne katantanwar ruwa da take kiwo a wani tankin gilashi mai tsawon gado. Shekara da shekaru tana renon zuriya guda, kaka da jika da tattaɓa-kunne, a ruwa mai ƙarancin iska, don ta ga ko jininsu zai sauya yadda yake riƙe iskar. A kansu karatunta duka ya rataya. Da aka rufe ɗakin bincikensu don gyara, ita kuma watannin cikinta suka yi nisa ta dawo gida, sai ta taho da su.

Na ba su latas. Sun ci.

Lahadi, da hantsi

An kira. Ita tana raye. Alhamdu lillahi a kan kowane hali.

Talata, bayan la'asar

Na kwashe ƙananan kayan nan daga kan igiya, na ninke, na sa a ƙasan akwati. Malam ya mayar wa kafinta ɗan gadon da ya kawo mana makon jiya. Kafintan bai tambayi komai ba, Allah Ya saka masa.

Na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauki kujera na zauna gaban tankin. Ni ce fa na yi ta ƙorafi ranar da aka shigo da su. Na ce ba zan yi salla kusa da abin da ban san hukuncinsa ba. Daga baya na tuna karatunmu, cewa abin da ba shi da jini mai gudana, irin su kunama, ba ya ƙazantar da ruwa. Na faɗa mata haka don in kwantar da hankalin kaina. Sai ta kwashe da dariya, har tana riƙe ciki.

"Umma, kunama na da jini. Waɗannan ma suna da shi. Shuɗi ne kawai."

Na ce ta ji tsoron Allah. Ta ce in zo in gani. Ta ɗebi kaɗan daga wata babba da siririyar allura, ta zuba a 'yar kwalba. Da farko kamar ruwan wankin shinkafa. Ta girgiza shi ya sha iska, sai ga shi yana shuɗi-shuɗi, kamar farar riga da aka tsoma a bula. Ta ce namu jinin ƙarfe ne ke kama iska a cikinsa, shi ya sa yake ja. Nasu kuwa tagulla ce. Ta taɓa munduwar da ke hannuna, wadda na gada wurin mahaifiyata, ta ce, "Irin wannan ɗin, Umma."

Ta ƙara da cewa mu sai iska ta ƙare mana muke yin shuɗi, su kuwa sai sun samu iska. Lokacin abin ya ba ni mamaki ne kawai. Jiya Gwaggo ta fara ba ni labarin kalar abin da ta gani da idonta, na roƙe ta ta bari.

Alhamis, bayan magariba

Gwaggo ta kira, da muryarta da ake ji har waje.

"Matar yaya, ki kwantar da hankalinki! An ƙara mata jini leda biyu, yanzu ƙwayoyin ƙarin jini take sha, masu ƙarfe a ciki. Na ce mata in ta ci gaba da haɗiye su haka, mayen ƙarfe zai manne mata a goshi. Ko murmushi ba ta yi min ba, mara kunya. Ga ta."

Muryar yarinyar kamar daga cikin rijiya. Ba ta yi maganar abin da ya faru ba, ni ma ban yi ba. Ta ce, "Ya mutanena?" Na ce suna gaishe ta. Sai ta ce, "Su kaɗai zan dawo in tarar, Umma."

Bayanta mijinta ya karɓa. Yaron kirki ne, ya gaishe ni da ladabi. Ya ce likita ya hana a gaya mata duk abin da zai tayar mata da hankali, ko ƙarami ne. Na ce to.

Asabar, da safe

Na rage ruwa jiya, na cika da na bokiti, yadda ta ce.

Na fara gane su. Akwai babbar nan mai tabo a baya, ita ce ke fara isa wurin latas. Akwai mai son kwana ƙarƙashin dutse. Lokaci-lokaci sukan hau kusa da saman ruwa, su miƙo wani dogon hanci su shaƙi iska, su koma. Astagfirullah, yau na ji kaina ina yi musu sannu da kwana.

Na tuna wani dare da muka ci abinci mu uku, tana yi wa babanta bayani. Ta ce a cikin jinin nan akwai ƙwayar tagulla biyu-biyu suna fuskantar juna, kowace an riƙe ta da hannu uku, iskar kuma sai ta zauna a tsakaninsu, kamar mata biyu sun tallabi faranti ɗaya. Ta ce namu abin kama iskar a ƙunshe yake cikin ƙananan jakunkuna, nasu kuwa a sake yake yawo cikin jini, ƙato, mai rami a tsakiya kamar an jera mundaye a hannu. Na kunama da ƙaguwa da gizo-gizo shi ma tagulla biyun ne, amma ginin daban, guda shida-shida suke dunƙulewa. Wai kowane ɓangare ta hanyarsa ya samo nasa, tun zamanin da ba a iya ƙirgawa, kuma asalinsu ɗan'uwan sinadarin nan ne da ke sa dankali ya yi duhu in an yanka shi an bari.

Malam ya ajiye cokali ya ce, "Farfesa, tsaya. Wato kunama jikar dankali ce?"

Ta ce, "Baba, kai dai ka ci gaba da naɗa wayar fankarka."

Ya ce, "Ai ni ma ɗan'uwansu ne, da tagulla nake ci."

A raina na ce, Wanda Ya halicci ƙarfe Shi Ya halicci tagulla, Ya raba wa bayinSa yadda Ya so. Sauran bayanin na bar wa masu shi.

Litinin, bayan azahar

Zafi ya yi yawa. Ba su ci latas ɗin jiya ba sai kaɗan. Yawancinsu sun ja ƙofarsu sun rufe, sun kwanta a ƙasa.

Talata, bayan azahar

Haka dai. Mai tabon ta leƙo, jikinta ya yi min fari-fari. Irin farin da na gani a leɓen yarinyar.

Na ɗauki waya, na tuna maganar mijinta, na ajiye. Malam ya ce zafi ne, shi ma da yana da ƙofa a jikinsa da ya rufe. Wataƙila gaskiyarsa. Amma ni na taɓa ganin fari irin wannan na ce gajiya ce, na ce ta kwanta zai wuce.

Laraba, bayan la'asar

Gwaggo ta ce ƙwayoyin sun karɓe ta, tafin hannunta ya fara ja.

Na yini ina juya maganar. Mai jinin ƙarfe in ya yi fari, ƙarfe ake ba shi.

Da Malam ya dawo daga shago na miƙa masa hannuna, na ce ya duba min ko munduwar nan tagulla ce ta gaske. Ya kankare gefe da 'yar wuƙarsa, ya ɗaga ta a haske. Ya ce, "Tsantsa. Ta fi wayar da nake saya kyau. Sayarwa za ki yi, Hajiya, in yi tayi?" Na ce a'a.

Ta daɗe a hannuna, ta yi duhu da gumi da sabulu. Ba zan kai wa bayin Allah dauɗa ba. Na dirje ta da toka da lemun tsami har ta koma ja tana ɗaukar ido, na ɗauraye ta sau bakwai, na yi bisimilla.

Tana can gindin dutsen da suke son kwanciya.

Ba abinci ba ce. Ba magani ba ce. Abin da ke cikin jininsu ne tun asali. Ban sa musu komai ba.

Juma'a, da hantsi

Alhamdu lillahi! Sun tashi. Duka sun bar ƙasa sun hau gilashi, wasu har sun fito daga ruwan sun manne a murfi. Ban taɓa ganinsu da kuzari haka ba. Na yi sujada a nan ɗakin.

Da aka kira ban jira ta tambaya ba. Na ce, "Mutanenki sun samu ƙarfi, duk sun haye sama."

Ta ce, "Duka? Umma, duka suka hau? Wane ruwa kika zuba?"

Na ce na bokiti, kuma gaskiya ne. Ta fara wata tambayar, sai na ji Gwaggo ta ce, "Ke, kawo wayar nan! Ana ta kanki kina ta dodon koɗi. Matar yaya, sai an jima."

Ina ta shafa wuyan hannuna, wurin ya yi min sakayau.

Asabar, da safe

Akwai yauƙi da kumfa a saman ruwan. Guda biyu sun faɗo, ƙofarsu a buɗe. Na taɓa, ba su ja jiki ba.

Na ce raunana ne, taimakon bai iske su da wuri ba. Na canza rabin ruwan. Munduwar kuwa na bar ta a inda take, har na matsar da ita kusa da sauran.

Lahadi, bayan la'asar

Ƙarin wasu. Warin ya fara shiga tsakar gida.

Litinin, bayan la'asar

Maƙwabciyata mai lambu ta shigo yi min jaje. Ta zauna, ta yi addu'a, ta sha ruwa, sannan ta shiga labarin kabejinta, don ita ba ta iya zama minti biyu ba ta ambaci kabeji ba. Ta ce katantanwa sun addabe ta a bakin kwatar ruwa, amma ta gama da su. Ta kwance bakin zanenta ta nuna min wani gari a leda, shuɗi, kyakkyawa.

"Kin gan shi nan? Ɗan kaɗan za ki barbaɗa. Mai shagon ya ce da tagulla ake yinsa. Tagulla ai ita ce ajalinsu, Hajiya. Da sun ji ta a ruwa sai ki ga suna ta hawa sama suna neman gudu, amma ina! Kada dai Farfesarku ta ji ni, ta ce na kashe mata dangi."

Ta yi dariya. Ina jin ni ma na yi. Na raka ta har ƙofa, na ce ta gaida yara.

Litinin, bayan magariba

Na cire ta.

Laraba, da hantsi

Na kwashe waɗanda suka rage na sa a baho da ruwan bokiti. Na canza musu, na sake canzawa. Na karanta musu duk abin da na sani. Mai tabon ce ta ƙarshe. Da asuba ta ɗan miƙo hancin nan nata, bai kai saman ruwa ba.

Gudu suke yi. Ni kuma ina sujada.

Alhamis, bayan azahar

Na wanke ɓawon kowace, na jera a tire, na rufe da ƙyalle. Ban san dalili ba. Na kasa zubarwa.

Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Ya dubi tiren, ya dubi hannuna. Shekara talatin bai taɓa ganin wannan hannun ba munduwa ba.

Ya ce, "Hajiya, da kin tambaye ni."

Na ce, "Da ka sani?"

Ya ce, "Wallahi da ni ma na ce ki ƙara da wayar fanka."

Ya so in yi dariya ne. Da ya ga abin da ya biyo baya sai ya zauna a ƙasa kusa da ni.

Abin da na kasa ganewa, yaya abin da ke ɗauke musu da numfashi a ciki zai zama shi ne mai yanke shi daga waje? Sai na tuna hannu ukun nan da ta ce suna riƙe da kowace ƙwaya. A riƙe take, a gwargwade, an ajiye ta inda ya dace. Ni kuwa na sake ta a kansu ba ma'auni. Ta faɗa min wannan ma, ina jin. Na riƙe rabin maganar da ya yi min daɗi.

Juma'a, bayan magariba

"Ya mutanena?"

Na ce, "Suna nan."

Suna nan ɗin, a tire. Tun ina yarinya ban saba ƙarya ba, yau ga shi na koyi yi mata mayafi.

Lahadi, da safe

Na kashe injin. Shirun ya fi ƙararsa ciwo, sai na sake kunnawa.

Talata, bayan la'asar

Yau ta yi dariya. Gwaggo ta ce ta cinye abincinta har ta saci na Gwaggo. Ta yi min magana mai tsawo, karo na farko. Ta ce tana kwance tana ta tsara aikin da za ta yi in ta dawo, wai zuriyar da za a haifa yanzu ita ce za ta ba ta amsar da take nema tun farko. Ta ce, "Da ba don ke ba, Umma, da ban san me zan riƙe ba."

Na ce Allah Ya ƙara sauƙi.

Malam ya gaya wa mijinta a ɓoye. Mijin ya kira ni, ya ce don Allah kada a faɗa mata sai ta dawo. Daga nan su biyun suka kawo shawara. Akwai mai sayar da kifin ado a kasuwa, yana da irinsu sak. A sayo a zuba. Malam ya ce, "Katantanwa ai katantanwa ce, ba ta da katin shaida."

Na ce a'a. Ban cika ce wa Malam a'a ba, shi ma sai da ya ɗago ya dube ni. Na ce in ba ta gane ba, za ta ɗebi jinin baƙi ta auna, ta rubuta, ta gina shekarunta a kan abin da ba shi ne ba, ta koya wa 'ya'yan mutane. In kuma ta gane, ta rasa su, ta rasa mu. Na cuce ta sau ɗaya da rashin sani. Ba zan ƙara da sani ba.

Laraba, da hantsi

Na ce bari in wanke tankin in huta da ganinsa. Na ɗaga murfin na juya shi.

A can lungu, inda ido ba ya kai wa, akwai wani curi manne, tsawon ɗan yatsa, ruwan hoda, ƙwaya-ƙwaya. Na san shi. Ta taɓa nuna min, ta ce ba a cikin ruwa suke yin ƙwai ba, sai uwar ta fito sama ta manna su a busasshen wuri, in sun ƙyanƙyashe sai su faɗo ruwa da kansu.

Ranar da suka hau suna gudu, wata ta tsaya ta ajiye wannan. Ruwan bai taɓa shi ba.

Na mayar da murfin a hankali kamar mai ɗauke da wuta.

Alhamis, bayan azahar

Ban taɓa shi ba. Na kwashe ruwan tankin don kada wani ya faɗo ciki. Sai kuma na ji tsoron ko danshin ruwan ne ke raya shi. Na mayar da kaɗan na bokiti. Sai kuma na ji tsoron gilashin da duwatsun sun sha tagullar. Na tsaya da bokiti a hannu, ban san gaba ba, ban san baya ba.

Malam ya ce, "Ki yi abin da hankalinki ya ba ki." Na ce hankalina ne ya kawo mu nan.

Juma'a, da safe

Kalar ta fara koɗewa, tana komawa fari-fari, ana hango ɗigo-ɗigo a ciki. Ta ce in ya yi haka, ya kusa.

Mijinta ya ce a jira ta dawo. Su ba za su jira ba.

Juma'a, bayan azahar

'Yata, yanzu da ke nake.

Kin karanta, kin san abin da na yi. Kin ce kada in sa komai, na sa. Na so in kira ki in faɗa da bakina, na san muryata ba za ta kai ba, shi ya sa babanki zai ɗauki hoton shafukan nan ya tura miki. Mijinki bai san za a tura ba, kada ki ga laifinsa, tsoro yake ji miki. Ni ma ina ji. Amma naki ne, ke ce mai cewa yadda za a yi da su.

Ban roƙi yafiya yanzu ba, wannan sai kin samu ƙarfin yin fushi tukuna, kuma zan jira. Abin da nake tambaya shi ne, in bar murfin a kan tankin ko in ɗauke? In zan ɗauke, a kan me zan ɗora, baho ko sabon bokiti? Wane ruwa, kuma yaya zurfinsa? Me jarirai ke ci a ranar farko? Ki rubuta min dalla-dalla kamar kina koya wa yaro, ba zan ƙara ko rage ba.

Munduwar tana ƙasan akwati, tare da ƙananan kayan.

Ina zaune a ɗakin baya, wayar babanki na kan cinyata. Ɗaya daga cikin ƙwayayen gefe ya fara tsagewa. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.